Yadda Ake Mayar da Mustang Mai Hatsari Ta Zama Motar Filin Tsere

A Amurka, idan mota ta yi hatsari, ma'aikacin inshora ne ke yanke mata hukunci, kuma da lissafin kuɗi yake yanke shi. Zai haɗa kuɗin jakunkunan iskan da suka fashe, da fitilu, da bamba, da dashbod, da fenti, da ladan aiki. In jimlar ta kusa kamo darajar motar, wanda jihohi da dama suka sa iyakarsa a kashi 75 cikin 100, sai a biya mai ita, a buga wa takardarta hatimin "Salvage", a tura ta gwanjon Copart ko IAA. Dillalanmu masu sauke motoci ta Legas da Kwatano sun san waɗannan gidajen gwanjo biyu sarai. Su gyara suke su sayar. Mai neman motar tsere kuwa wata riba yake hangowa: yawancin abubuwan da suka sa aka yi watsi da motar, shi dama cire su zai yi ya zubar. Bai damu da jakar iska ba, bai damu da kujerar fata ko rediyo ba. Gangar jiki madaidaiciya da lafiyayyen inji kawai yake saye.

Zan ɗauki Ford Mustang GT ta 2011 zuwa 2014 a matsayin misali, mai injin V8 na lita 5.0 da ake kira Coyote. Ƙarfin doki 412 take bayarwa a 2011 da 2012, ya koma 420 a 2013 da 2014, nauyinta kuma wajen kilo 1,640. Camaro SS ta zamaninta ta fi ta nauyi, Challenger R/T kuwa ta haura kilo 1,800, kuma a filin tsere kowane kilo taya da birki yake ci. Ga kayan gyaranta a ko'ina. Ka nemi mai giyar hannu, mai giya shida. Mai otomatik tana iya zuwa fili, amma za ka sha fama da zafin man giya.

Fara da littafin doka

Kafin ka danna komai a gwanjo, ka san inda motar za ta yi gudu da kuma a ƙarƙashin wa. Manyan ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da wannan harka ga masu sha'awa a Amurka: SCCA da aka kafa a 1944, da NASA ta tseren mota, wato National Auto Sport Association, da aka kafa a 1991, wadda ba ta da alaƙa da hukumar sararin samaniya. NASA tana da tsarin koyon tuƙin fili mai suna HPDE, hawa huɗu, daga sabon shiga mai malami a gefe har zuwa gwani. Bayan nan akwai gasar neman lokaci, sannan tsere kafaɗa da kafaɗa, kamar ajin American Iron da aka ware wa irin waɗannan motoci.

Kowace ƙungiya tana da kundin dokoki a shafinta, kyauta. Sauke shi ka karanta babin kejin ƙarfe, wato bututun ƙarfe da ake haɗawa a cikin mota don kare direba, da na kujera da bel, da na ajin da kake hari. Ajin American Iron, alal misali, yana auna ƙarfin inji ne da nauyin mota, don haka wanda ya fara da ƙara wa inji ƙarfi yana iya fitar da kansa daga ajin da kuɗinsa.

Ka kuma sani tun yanzu cewa wannan mota ba za ta ƙara hawa titi ba. Ba lamba, ba rajista. Tirela za ka nema da motar da za ta ja ta, da wurin ajiya. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere.

Zaɓen mota a gwanjo

Nan ne ake cin riba ko a tafka asara, don haka kada ka yi gaggawa.

Mafi kyawun kamu ita ce motar da ƙanƙara ta jefa. A jihohi irin su Texas da Oklahoma da Colorado, ƙanƙara kan lotsa rufi da bonet har inshora ta haƙura da motar, alhali ƙasanta ko ƙwarzane babu. Sai wadda aka sace aka gano an kwashe kujeru da rediyo. Ɓarayin sun rage maka aiki, muddin ba su yayyanka wayarin inji ba. Sai wadda aka buga ta baya sama-sama, ko aka goge ta a ƙofa ba a taɓa ginshiƙi ba.

Bugun gaba shi ne mai wuyar sha'ani. Mustang ba ta da shasi daban da bodi. Bodin ne shasin. Ƙarfuna biyu ne suka miƙo gaba suna riƙe da inji, da hasumiya biyu da shokozoba ke ɗaure a jikinsu. In bugun ya tsaya a bamba da lagireto da fitilu, ba komai. In ya kai ga hasumiyar shokozoba, ko ka ga tayar gaba ɗaya ta ja baya ta matso ƙofa, ko ka ga wani ɗan lanƙwasa a rufi daidai saman ginshiƙin tsakiya, wuce abinka. Haka wadda ta wuntsila.

Motar ambaliya kuwa ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka bar ta. Wayoyi da kwamfutocinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da za su zaɓa ita ce ranar da ka biya kuɗin fili. Hotuna ba sa nuna ta, sai ka je da kanka ko ka biya mai dubawa. Ɗaga shimfiɗar but ka leƙa ramin safaya: in ka ga busasshen taɓo ya yi layi a bango, ruwa ya kai nan. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai tabon ruwa ko warin ruma. Leƙa ƙarƙashin kujera, ƙarfen da take zamewa a kai ba shi da dalilin yin tsatsa a motar da ba ta nutse ba.

Ɗauki lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 ka bincika tarihinta a Carfax ko a rumbun gwamnati na NMVTIS. Duba irin takardar da za a ba ka. Ko da motar ba za ta hau titi ba, takarda ita ce shaidar mallaka, kuma wadda aka rubuta wa cewa ba ta gyaruwa, wasu jihohin masu lasisin farfasa motoci kaɗai suke bari su saya. A jihohi da yawa ma sai ta hannun dillali mai lasisi za ka shiga gwanjon. Alamar "Run and Drive" ba ta nufin komai illa motar ta tashi ta motsa lokacin da ta iso filinsu. Tabbatar akwai makulli, domin makullin yana da guntun lantarki da kwamfutar motar ke ganewa, kuma yin sabo kuɗi ne.

In ka dace da wadda ta fito da birkin Brembo daga kamfani, mai faifan gaba na inci 14, ka ƙara ɗan kuɗi a kanta. Haka GT ta 2013 ko 2014 mai kunshin Track Package, wadda ke zuwa da lagireto da na'urar sanyaya baƙin mai irin na Boss 302, wato Mustang ta musamman da Ford ta yi don filin tsere. Rubuta iyakar kuɗinka a takarda kafin a fara tayi, ka cire kuɗin gidan gwanjo da na dillali da na ɗauko mota daga ciki. Zafin gwanjo yana sa mutum ya manta cewa kuɗin motar shi ne ƙaramin kashi a wannan aiki.

Auna ta kafin ka kashe mata sisi

Motar ta iso. Kada ka sayi komai tukuna.

Ɗora ta a kan ƙafafun jak huɗu a daɓe mai ƙwari wanda ba shi da gangara. Samo zare da ɗan ƙarfe mai tsini, irin wanda magina ke saukewa don duba miƙewar bango. Zaɓi wurare biyu-biyu a ƙarƙashin motar da suke daidai da juna hagu da dama: ƙusoshin da suka riƙe gadon inji, da inda hannuwan aksil na baya suka ɗauru a bodi. Manna farar takarda a ƙasa, rataya zaren daga tsakiyar kowace ƙusa, ka jira ya daina lilo, ka ɗiga alama da biro daidai inda tsinin ya nuna. Sannan ka auna a gicciye: daga gaba-hagu zuwa baya-dama, daga gaba-dama zuwa baya-hagu. Masu gyaran bodi suna aiki da sassaucin milimita 3. In bambancin ya wuce haka sosai, kai ta wurin masu injin miƙe shasi su auna da na'ura. In sun ce ginshiƙi ya karye ko ya naɗe, ka sayar da ita kaya-kaya, injin Coyote kaɗai yana da kasuwa, ka koma gwanjo. Ba a gina keji a kan karkatacciyar mota.

In ta miƙe, sai inji. Cire fulogi takwas ɗin ka gwada matsin kowace silinda. Kada ɗaya ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100. Zare baƙin mai ka duba shi a rana: ƙyalli kamar garin ƙarfe alamar boris ne, fari-fari kamar madara alamar ruwa ne. Yanka tsohuwar filtar mai ka ware takardar cikinta ka duba. Sa kwamfutar gwaji ka karanta duk laifukan da ta ajiye kafin ka goge su.

Duk ƙafar da bugu ya shafa, canja hannuwanta da tayirod da boris ɗinta ko da ido bai ga lanƙwasa ba.

Fiɗa

Cire kan batir mara wuta, ka jira mintuna kafin ka taɓa duk wata waya mai launin rawaya, domin su ne na jakunkunan iska. Wadda ba ta fashe ba, ɗauke ta fuskarta na kallon nesa da jikinka, ka ajiye ta fuska sama. Mustang ta 2005 zuwa 2014 tana cikin motocin da kiranyen jakar iskan Takata ya shafa, saboda haka kada ka sayar wa kowa. Miƙa su ga masu lalata irin wannan kaya. Iskar esi kuma doka ta hana a sake ta a sarari, sai makanike ya zuƙe ta da injinsa.

Daga nan sai kwasa: kujeru, kafet, rufin ciki, sifiku, robobin ƙofa, safaya. Sayar da masu kyau, za su biya maka taya. Baƙin kwaltan da aka manna a daɓen mota don rage ƙara shi ne mai cin rai. Masu wayo busasshiyar ƙanƙara suke saya, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. A farfasa ta a baza a kan kwaltan, a rufe da tsumma, a jira kamar minti goma sha biyar. Za ka ji yana ƙas-ƙas yana tsagewa da kansa. Bugu ɗaya da gudumar roba sai ya tashi falle-falle, ƙarfen ya fito fes. Sa safar hannu mai kauri, ka bar ƙofar gareji a buɗe.

Wayarin ne inda mutane ke kashe motarsu da hannunsu. Kwamfutocin wannan mota magana suke da juna, kuma wani akwatin da ka raina yana iya hana inji tashi ko ya kashe ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki. Ƙa'idar ita ce: cire soket ɗaya, tayar da mota, duba dashbod da kwamfutar gwaji, rubuta, sannan ka wuce na gaba. Almakashi sai a ƙarshe. Bar agogunan dashbod a wurinsu, bar ABS, bar abin goge gilashi da fankar da ke busa gilashin gaba. Ranar ruwan sama za ka gode.

Aikin nan yana iya sauke maka fiye da kilo 100, keji kuma zai maido da wani kaso.

Keji, kujera, bel

Kayan kariya gungu ɗaya ne, ba a ɗaukar rabi. Bel mai hannu shida yana riƙe mutum a miƙe. In mota ta kife babu ƙarfe a sama, rufi ya sauko ba inda kai zai kauce. Keji kuma ba tare da hular kwano ba, shi kansa abin fasa kai ne. Bel ɗin asali na motar hatsari galibi ya riga ya harba ya maƙale, ba shi da sauran amfani.

Don HPDE, rabin keji na bayan kujeru ya isa. In kana da niyyar tsere, yi cikakke tun yanzu da motar take tsirara. A dokar NASA, motar da nauyinta ke tsakanin fam 3,001 da 4,000 tana buƙatar bututun ƙarfe nau'in DOM mai faɗin inci 1.75 da kaurin inci 0.120, wato kimanin milimita 44 da milimita 3. Duba bugun kundin na shekarar da kake ciki kafin a yanka ƙarfe. Wannan ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne, komai gwanintarsa. Nemi wanda kejinsa suka taɓa wuce binciken ƙungiya, ka je ka ga aikinsa. Ɗauki ɗan madubi ka leƙa saman mahaɗar da ke manne da rufi, domin nan ne malalaci ke barin walda ba ta zagaye ba. Ƙafafun kejin kuma a kan faranti masu kauri da aka walda a bodi suke zama, don kada su huda daɓe.

Sayi kujera kafin a fara keji, ka kai masa ita, ka zauna a ciki da hularka a kai. Da jikinka za a auna. Ƙa'idar da aka saba ita ce saman hular ya kasance aƙalla inci 2 ƙasa da saman babban bakan kejin. Igiyoyin kafaɗa su tafi baya a miƙe ko su ɗan sunkuya ƙasa, kada su wuce digiri 20. In sun gangara can ƙasa, a karo za su danne ƙashin baya. Bel mai shaidar SFI 16.1 shekara biyu yake yi, mai shaidar FIA shekara biyar, saboda haka shi ne za ka saya a ƙarshe, kada ya tsufa a kwali. Duk bututun da kai zai iya taɓawa a naɗe shi da katifa mai tauri ta SFI 45.1, ba soson famfo ba.

Kujeru biyu za ka sa, iri ɗaya, da bel iri ɗaya. Malamin da zai zauna a gefenka yana da haƙƙin ƙin shiga in ka fifita kanka.

Hular kwano ta zama mai shaidar Snell SA, ba ta babur ba, domin ta SA an yi ta da jure wuta. Sai abin riƙe wuya, HANS ko makamancinsa. Direban tsere Dale Earnhardt ya mutu ne a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500 a watan Fabrairun 2001 sakamakon karayar gindin ƙoƙon kai, kuma kafin shekarar ta ƙare NASCAR, hukumar da ke shirya gasar, ta wajabta abin riƙe wuya. Jikin da aka ɗaure tamau, kai ne kaɗai ke fizgewa gaba, da nauyin hula a kansa.

Ƙara abin kashe gobara a ɗaure da ƙarfe inda hannunka zai kai kana cikin bel, da makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, da ƙugiyar ja gaba da baya. Ɗaure batir da ƙarfe, ka rufe kansa mai wuta.

Birki

Mota mai kilo 1,600 da ta sauko daga gudun kilomita 200 zuwa 80 tana zuba wa birki zafin da zai tafasa kimanin lita shida na ruwa, cikin 'yan daƙiƙu. A filin irin Road America ko VIR da ke Virginia za ka maimaita makamancin haka a kowane zagaye, har tsawon minti ashirin. Birkin titi ba a yi shi don wannan ba.

Fara da man birki. Ƙa'idar DOT 3 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha danshi yana iya sauka zuwa 140. Da ya tafasa sai kumfa, feda ta tafi ƙasa babu komai. Zuƙe tsohon gaba ɗaya ka zuba na tsere, irin Motul RBF 600 mai jure digiri 312 yana sabo, ko Castrol SRF. A wannan Mustang, kuloci da birki tulu ɗaya suke sha, don haka tsohon mai yana iya sa fedar kuloci ta maƙale a ƙasa idan inji ya hau sama.

Sai takalmin birki na fili, irin Hawk DTC-60 ko Carbotech XP12 a gaba, da mai ɗan sauƙin cizo a baya. Suna ƙara, suna ƙura, ba sa kamawa sosai da sanyi. Haka aka yi su. Faifai kuwa sulɓaɓɓe ko mai tsaga ya fi mai huji-huji, domin daga hujin tsagewa ke farawa. Canja robobin man birki zuwa masu saƙar ƙarfe. Sannan ka jawo iska: bututu mai faɗin inci 3 daga ƙasan bambar gaba zuwa tsakiyar faifai, ba fuskarsa ba, don iskar ta bi ta cikin ramukansa ta fita. A ganina wannan bututu ya fi sabon kalifa mai tsada, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a faifai, amfani ga mai farawa.

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. Bi umarnin kamfaninsa. Galibi taka birki ne da ƙarfi sau takwas zuwa goma daga wajen kilomita 100 zuwa 20 ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ba birki har ya huce. Tunda motar ba ta hawa titi, a zagayen farko na fili za ka yi. In ka dawo wurin ajiya kada ka ja birkin hannu, sa giya ka tokare taya da katako.

Zafi da mai

Lagireto na aluminiyam mai kauri, da na'urar sanyaya baƙin mai. Abin da ya fi su muhimmanci kuma ba ya cin kuɗi: toshe duk gefen lagireto da roba ko falle, don iskar da ta shigo ta baki kada ta sami hanyar zillewa. Motar hatsari sau da yawa ta rasa robobin nan, masu gyara kuma ba sa maido su.

Injin yana shan kimanin lita 7.6 na baƙin mai. GT ta titi 5W-20 take sha, amma Ford ta rubuta wa Boss 302 mai kauri 5W-50, kuma shi masu zuwa fili suka fi bi. Sa agogon zafin mai da na matsinsa na gaskiya. In zafin mai ya doshi digiri 140, sassauta ƙafa ka yi zagaye ɗaya a hankali. Ranar da ka koma tayoyi masu danƙo sosai, canja kaskon mai zuwa mai shinge a ciki, don a doguwar kwana mai kan taru a gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska. Fetur ma haka yake yi, saboda haka kada ka fita da ƙasa da rabin tanki.

Aksil ɗin baya na inci 8.8 yana zafi har ya amayo mai ta hancin numfashinsa. Zuba sabon 75W-140, ka jona wa hancin tiyo zuwa ƙaramin gwangwani. A tsere, dokoki kan hana ruwan lagireto mai sinadarin hana daskarewa saboda santsinsa idan ya zube. Ruwa tatacce ake sawa da ɗan ƙari irin Water Wetter. Ka tuna ka zare shi kafin hunturu, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa maka inji a gareji.

Ƙafafu da taya

Tayoyi huɗu girma ɗaya, wili na inci 18 mai faɗin inci 10 da taya 275, don ka riƙa juya su gaba da baya. Fara da masu lambar ci 200, wato lambar da ke nuna jurewar taya ga cinyewa, irin Hankook RS4. Suna kuka kafin su saki, kuma wannan kukan malami ne. Tayoyin tsere zalla suna ɓoye kuskure har sai sun sake ka a gudun da ba ka iya gyarawa.

A gaba, sa farantin da ke ba ka damar kwantar da kan taya ciki, ka sa digiri 2.5 zuwa 3. In ba haka ba gefen waje zai cinye a yini ɗaya. A baya, aksil ɗin Mustang ta 2005 zuwa 2014 sanda ɗaya ce, kuma wani ƙarfe mai suna Panhard ne ke hana ta zamewa gefe. Da ka sauke motar da gajerun sifirin, aksil ɗin zai karkata gefe ɗaya, don haka sayi Panhard mai daidaituwa ka maido shi tsakiya, ka auna daga taya zuwa bodi hagu da dama. Shokozoba masu kyau da sifirin da suka dace da su sun isa shekarar farko. Canja ƙusoshin taya zuwa masu ƙarfi irin na ARP, ka riƙe boris ɗin gaba na safaya a akwati, domin zafi da manyan tayoyi suna cin su. Bayan an gama komai, a ɗora ta a sikeli huɗu kana zaune a ciki, a daidaita nauyin gicciye, wato na tayar gaba-dama da ta baya-hagu a haɗe, ya zama kashi 50 cikin 100, sannan a yi alaimen.

Inji fa? Bar shi. Sabbin fulogi, sabon fambel, sabuwar filta. Doki 412 sun fi ƙarfin sabon direba nesa ba kusa ba. Salansa ma kada ka yi gaggawar yankewa: filaye da yawa suna da iyakar ƙara, a Laguna Seca da ke California akwai ranakun da desibel 90 ne iyaka, wanda ya wuce a fitar da shi. Hukumar muhalli ta EPA kuma tana ganin cire matatar hayaƙi daga motar da aka ƙera don titi saɓa doka ne, kuma kudurin RPM Act da masu tsere suka nema don warware wannan bai zama doka ba.

Ranar farko

Cike takardar binciken ƙungiya tun ana saura mako, don in an sami matsala a sami lokacin gyara. Bi kowace ƙusa ta ƙafa da birki da sifana mai auna ƙarfi, ka ja mata layi da fenti daga kai zuwa jikin ƙarfe. In layin ya rabu, ta kwance. Notin taya fam-ƙafa 100 ne, wato kimanin Nm 135, kuma da sanyi ake ɗaure shi, ba a kan wili mai zafi ba.

Fitar farko ta gwaji ce. Zagaye uku a hankali, ka shigo, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka shinshina, ka duba ko taya na gogar bodi ko bututun iska. Fara da iskar taya wajen PSI 28 zuwa 30, ka auna nan take da ka shigo. Ana neman ta tsaya tsakanin 34 da 36 da zafi, sai ka rage ko ka ƙara. Rubuta komai a littafi: iska, zafin mai, zafin ruwa, kaurin takalmin birki safe da yamma. Saurari malaminka, ka koyi tutoci, ka riƙa duba madubi, domin a rukunin farawa ba a wuce mutum sai ya miƙa hannu ya ba da hanya, kuma ƙaramar mota irin Mazda Miata za ta zo ta manne maka a kwana.

Da ka dawo gida, ɗaga motar kafin ka manta. Kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza don jin boris. Duba faifan birki: ƙananan tsage-tsage a fuska ba komai, amma wadda farce ke maƙalewa a ciki ko ta kai baki, faifan ya gama. Takalmin da ya rage ƙasa da rabi kada ya koma wani yinin fili shi kaɗai, tafi da sabo. Fitar da ɗan man birki daga kowane kalifa har sai mai tsabta ya fito, sannan ka sake duba wuraren da aka miƙe ko aka walda a bodi, da fitila a hannu, ko fenti ya tsage a kansu.